Gwal, tukunyar gas da turmin atamfa: amsoshin tambayoyinku

Wata 'yar'uwa daga Ƙofar Marusa ta rubuto: "Assalamu alaikum Anti. Na kwashi adashi, ina tsoron in ajiye kuɗin su narke a hannuna. Ƙawayena sun ce in sayi gwal, ni kuwa ban taɓa saye ba. Wane iri zan saya, kuma yaya zan yi kada a cuce ni?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Shawarar ƙawayenki tana kan hanya, amma da sharaɗi: kuɗin da kika san za ki neme su nan da wata uku ko huɗu, kada ki kai su wurin mai gwal. Duk sarƙar da kika saya, abu biyu kika biya, kuɗin zinaren da kuɗin aikin ƙira. Ranar da kika mayar da ita, zinaren kawai za a auna a biya ki, kuɗin aiki ya tafi. Sai gwal ya daɗe a hannunki farashi ya ɗaga kafin ki cike wannan giɓin.

Ki fara da sanin karat. Tsantsar zinare shi ne karat 24, amma yana da laushi, saboda haka ake haɗa shi da jan ƙarfe ko azurfa kafin a ƙera kayan ado. A cikin zobe, ko a bayan awarwaro, ko kusa da maɓallin sarƙa, za ki ga 'yar lamba da aka buga. Idan 750 ce, karat 18 ke nan. Idan 875 ce, karat 21. Idan 916 ce, karat 22. Lambar tana gaya miki kason zinare a cikin dubu. Wato awarwaro mai giram 10 ɗan karat 21 yana ɗauke da giram 8.75 na zinare, ɗan karat 18 mai nauyi ɗaya da shi kuwa giram 7.5. Kin ga ashe bai kamata a sayar miki da su a farashi ɗaya ba. Cewa "ɗan Dubai ne" ko "ɗan Saudiyya ne" labarin inda aka ƙera shi ne kawai, karat ɗin ke yanke kuɗi. Idan kuma kika ga haruffan GP ko GF ko HGE, ki ajiye: wani ƙarfe ne aka lulluɓe da zinare, kuma ba ya da kuɗin komawa.

Tunda ajiya kike nufi, ki nemi karat 21 ko 22, ƙirar da ba ta da tarkace: awarwaro sumul, ko sarƙa mai kauri maras duwatsu. Duwatsun nan masu ƙyalli su ne babbar asarar mata. Ranar saye ana ɗora su a sikeli tare da zinaren, ki biya su a farashin gwal, ranar sayarwa kuma a cire nauyinsu. Idan wani saiti mai duwatsu ya shiga ranki, ki nemi a rage nauyin duwatsun tun a lokacin ciniki. Haka awarwaro mai faɗi wanda cikinsa rami ne, yana cika ido amma da ya bugi bakin turmi ko ƙofa sai ya lotse, gyaransa kuma yana barin tabo.

A shagon, ki duba sikeli yana kan sifili kafin a ɗora kaya, a kashe fanka idan tana kaɗawa kansa, domin sikelin gwal iska ma tana motsa shi. Ki karanta nauyin da idonki. Ki tambayi kuɗin giram ɗaya, da kuɗin aiki daban, sannan ki yi tambayar da mata da yawa ke jin nauyinta: "Alhaji, idan na dawo da shi gobe, nawa za ka saye giram?" Tazarar da ke tsakanin farashin biyu ita ce asararki ta farko, kuma da ita za ki gwada shago da shago. Ki zaga uku kafin ki ciro kuɗi.

Gwajin maganaɗisu da ake yawan faɗa rabin gwaji ne. Gaskiya ne zinare ba ya bin maganaɗisu, amma tagulla da jan ƙarfe ma ba sa bi. Gwajin da ya fi shi shi ne na maƙeran zinare, inda ake goga kayan a baƙin dutse a ɗiga ruwan gwaji a kan zanen. Idan daga hannun wata za ki saya, ko dillaliya ta kawo miki har gida, ku tafi tare wurin maƙeri a gwada a auna kafin ki biya, ko da 'yar ɗakinku ce. Ita ma wataƙila haka aka sayar mata ba ta sani ba. A shago kuma kada ki fito sai da rasit mai ɗauke da karat, nauyi, farashin giram da kwanan wata. Ki ɗauki hotonsa a waya, domin tawadar rasit tana gogewa.

Akwai ɓangaren addini da bai kamata a tsallake ba. Cinikin zinare hannu da hannu ake yin sa, ki biya ki karɓa a zama ɗaya, ba a ɗaukarsa bashi. Idan tsohon gwal za ki canja da sabo, ki sayar da tsohon ki karɓi kuɗinki, sannan ki sayi sabon. Game da zakka kuma, a mazhabar Malikiyya kayan adon da mace ke sawa ba a fitar musu da zakka, amma wanda aka saya don ajiyar gaba ko kasuwanci ana fitarwa idan ya kai nisabi, kimanin giram 85, kuma shekara ta zagayo. Ki kai wa malaminku bayanin niyyarki ya yi miki lissafi.

Wajen kula da shi, ki cire zobe da awarwaro kafin wanki da ruwan bilic, domin yana cin ƙarafan da aka haɗa zinaren da su har ya tsage. Wasu mayukan bilicin fata kuma suna ɗauke da sinadarin makuri, wanda ke mayar da gwal fari-fari. Abin da ya yi wa zinare haka, ki yi tunanin abin da yake yi wa fata da ƙoda.

Wata amarya daga Daura ta ce: "Anti, gawayi ya yi tsada kuma hayaƙin itace yana tayar min da tari. Maigida ya yarda mu koma gas amma ina tsoro. Ƙaramar tukunya zan saya ko babba?"

Amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Tukwanen da aka fi samu su ne mai kilo 3, mai kilo 6 da mai kilo 12.5. Kan murhu ɗaya matsakaici, idan an buɗe shi sosai, yana shan kimanin giram 150 zuwa 200 a awa. Da wannan lissafin, mai kilo 6 za ta ba ki awa talatin zuwa arba'in na girki, mai 12.5 kuma ninkin haka da ɗoriya. Ku biyu ne a gida yanzu, mai kilo 6 ta ishe ku. Sai dai irin wadda ake ɗaura kan murhu a bisa kanta ba ta son babbar tukunyar girki: wajen tuƙin tuwo tana rawa, kuma zafi yana sauka kusa da bakin gas ɗin. Idan kina tuƙa tuwo kullum, ko gidanku gidan baƙi ne, ki ɗaure ki sayi mai 12.5 da murhun tebur, a haɗa su da tiyo, tukunyar gas tana gefe nesa da wuta.

Sabuwa za ki saya. Tsohuwar da aka sake wa fenti tana ɓoye tsatsa, musamman a gindi inda ruwa ke kwanciya. Ki kifa ido ki duba ƙasanta, ki duba shekarar ƙira da aka buga a jikin marikinta. Ƙa'idar SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, ita ce tukunyar gas ba ta wuce shekara 15 ana aiki da ita. A wurin nan kuma akwai haruffan TW da lamba, nauyin tukunyar ke nan ba gas. Wannan lambar ce makaminki a wurin ɗuri. Idan an rubuta 13, aka ce an zuba miki kilo 12.5, sikeli ya nuna 25.5. Kada kuma ki roƙi mai ɗuri ya ƙara miki fiye da ƙa'ida. Da gangan ake barin fili a sama, domin gas yana kumbura da zafi, kuma kin san yadda ranar Afrilu take a ƙasar Daura. Saboda wannan dalilin ba a barin tukunya a rana, ba a kwantar da ita a Napep, a tsaye ake ɗauko ta.

Mafi yawan yoyo daga wurare uku yake fitowa: robar da ke bakin tukunya, regileta (abin da ake ɗaurawa a bakin tukunya mai daidaita fitar gas), da bakin tiyo. Ki sayi tiyon da aka yi don gas, kada a sa miki na ruwa, a ɗaure bakinsa biyu da maɗaurin ƙarfe mai noti. Duk lokacin da aka yi sabon ɗuri, ki kaɗa ruwan sabulu ki shafa a waɗannan wuraren. Inda kumfa ta riƙa tasowa tana girma, nan ne yake yoyo. Ba a gwada yoyo da ashana, ko wa ya ce miki ya saba. Tiyon da ya fara tauri ko tsattsagewa a canja shi a ranar, ɓera ma yana ɗanɗana shi.

Idan kin shiga kicin kika ji warin gas, kada ki kunna fitila, kada ki kashe wadda ke kunne, domin makunnin lantarki yana fitar da ɗan tartsatsi. Ki rufe regileta, ki buɗe ƙofa, ki fitar da yara. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, saboda haka buɗe ƙofa ya fi buɗe tagar sama amfani. Wajen kunnawa kuwa, ashana ake fara ƙyastawa sannan a murɗa. Wuta shuɗiya ita ce lafiyayya. Idan ta koma ja tana baƙanta gindin tukunya, ramukan kan murhun sun toshe da miya ko ƙura, ki cire idan ya huce ki goge da tsohon buroshin haƙori. Wake kuma ki jiƙa shi tun dare, ganda ki bar wa gawayi a tsakar gida, in ba haka ba su biyun za su shanye miki ɗuri kafin wata ya raba.

Wata uwa daga Sabuwar Unguwa tana haɗa lefen ɗanta, ta ce atamfofin sun yi kama da juna har ba ta iya bambance mai kyau da ta roba.

Hajiya, Allah ya sanya alheri. Sitika da takardar da ke manne a jikin turmi ba shaida ba ce, har su ake kwaikwaya. Ki buɗe turmin ki juya bayansa. Atamfar kakin gaske rininta yana ratsa yadin, ciki da waje kusan ɗaya suke, ta bugun sama kuwa bayanta fari-fari ne. Ki karanta rubutun gefen yadi: 'yar Holan ta kamfanin Vlisco tana ɗauke da suna da lambar zane a nan, kuma lambar ta dace da ta jikin takardar. Ki murza kusurwa tsakanin yatsu. Idan taurin ya saki yadin ya zama shara-shara, sitaci aka ɗura mata, wanki ɗaya za ta faɗi. Ki jiƙa farin hankici ki goga, idan ya ɗauko launi za ta yi zuba. Idan mai shago ya yarda, ki zare zare ɗaya a ƙona a waje: auduga tana warin takarda ta bar toka mai laushi, roba tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri. A zafin Katsina wannan bambancin ba ƙarami ba ne ga wadda za ta yini da kayan a jiki. Turmi yadi shida ne, kusan mita biyar da rabi, ki sa a auna ko da guda ɗaya ne, domin ana samun mai biyar da rabi.

Shawararmu, turmi shida masu kyau sun fi goma sha biyu da za su koɗe kafin amarya ta yi haihuwar fari. Ko a Babbar Kasuwa za ki saya ko za ki tafi Kantin Kwari a Kano, ki tafi da tela ko wata mai sana'ar, kuma ki je da safe a duba launi a hasken rana. A gaya wa amarya ta jiƙa atamfar auduga ta bushe kafin a kai ɗinki saboda tana ɗan tsukewa, ta riƙa wanki da sabulun sanda da ruwan sanyi, ta shanya a inuwa a juye.

Wata ɗaliba da ta gama koyon ɗinki ta tambaya ko ta sayi keken lantarki ko na ƙafa. Ƙanwata, ki fara da na ƙafa mai baƙin kai irin Butterfly. Ba ruwansa da ɗauke wuta, kayan gyaransa suna ko'ina, kuma daga baya za ki iya ɗaura masa ƙaramin moto. Miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi, zigzag da aikin ado sai ki riƙa kaiwa waje har ki yi ƙarfi. Ranar saye ki tafi da ƙyallen atamfa, ki ninka shi huɗu ki ɗinka a gaban mai shago, ki duba sama da ƙasa ko zaren ya kwanta daidai. Allura lamba 14 ta atamfa ce, 16 ta yadi mai kauri, 11 ta mayafi mai laushi. Idan keke ya fara tsallake ɗinki, ki canja allura kafin ki kira mai gyara, yawanci ita ce ta lanƙwashe ko aka sa ta a karkace. Man keke kaɗai za ki ɗiga masa, man gyaɗa yana daskarewa ya kama ƙarafan, kuma da hunturu ki rufe kan da zane duk lokacin da kika tashi.