Amsa kan shimfiɗar farko kafin a zana fuska

Ƙanena, ka ce ka ga Bature a bidiyo ya shafa kore kafin ya zana fuska, kai ma ka gwada a hoton mahaifinka, sai Baba ya fito kamar an yi masa wanka da toka. Kada ka zargi hannunka. Wannan koren Italiyawa ke kira bardaciyo, kuma tun kafin shekarar 1400 masu zanensu ke aiki da shi. Don farar fata aka yi shi, wadda jini ke nunawa a cikinta: kore a ƙasa, ja-ja a sama, sai su daidaita. Fatar mutanenmu ɗumi take so daga ƙasa, in ka kwantar da ita kan kore sai ta mutu.

Ni dai shekaruna masu yawa a wannan sana'a nan Maradi, kuma ban taɓa fara fuska kan farin ƙyalle ba tun da na gane illarsa. Fari yana ruɗin ido, duk kalar da ka ɗora sai ka ga ta yi duhu, ka yi ta ƙara farin fenti har fuskar ta kwaɓe. Abin da nake yi, in ɗauki siyena, fentin nan mai kama da jan ƙasa, in tsinka ta da tarbantin, wato ruwan tsinka fentin mai, ta yi ruwa-ruwa kamar shayi, in shafe ƙyallen kakaf. Tun ba ta bushe ba sai in naɗa tsumma a yatsa in goge inda haske ya sauka: goshi, karan hanci, saman kumatu. Daga nan in ɗauko amba, mai duhun ƙasar fadama, in sa inuwa a kwarmin ido, ƙarƙashin hanci, ƙasan leɓe da wuya. Kala biyu ke nan, ba ƙari. In a wannan matakin ƴan gida ba su ce "wannan Baba ne" ba, to ko ka kwashe fentin kasuwar Kano ba zai zama shi ba.

Amba tana da wani alheri, tana saurin bushewa, in ka yi ta siririya gobe ma ka ci gaba. Baƙin fenti kuwa jinkiri gare shi, kuma yana kashe fuska, ni ba na kusantar da shi wurin. Akwai masu yin shimfiɗar da toka-toka zalla, girizai a bakin Faransawa. Tana kyau ga farin rawani da babbar riga, amma ban so ta a kumatu.

Sai ka kula da man da ake gauraya fenti da shi. Shimfiɗar ƙasa ba ta son mai da yawa, kowane shafi na sama ya ɗan fi na ƙasa mai. Na taɓa yi wa wani dattijo a Ɗan Gulbi hoto, mai zanen Gobirawa a kumatu, garin sauri na cika mai a ƙasa na rufe da busasshen fenti. Bayan wasu watanni fuskar ta tsattsage kamar tabki a bazara, zanen gado ya ɓace cikin tsagar fenti. Kyauta na sake yin sa, da kunya. Haka kuma fentin mai yana hawa kan akirilik, fentin da ake tsinkawa da ruwa, amma akirilik ba ya zama kan mai, ɓarewa yake.

Da hunturu kuma juya fuskar hoton ga bango har ya bushe, in ba haka ba ƙura ta manne masa.

Na Baba da ka riga ka yi, kada ka yar. Bar shi ya bushe sarai, ka bi kansa da siyena siririya, ka turo mana hotonsa mu gani kafin ka taɓa wata kala.