Filin Tambayi Tela: Yadda ake ɗinka kilt ɗin mutanen Sikotland

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata biyu ina koyon ɗinki a wani ƙauye kusa da Ringim. Malamin firamarenmu ya nuna mini hoton wani siket da mazan Sikotland suke ɗaurawa, wai shi kilt, yana son guda ɗaya saboda wasan kwaikwayon ƙarshen zango. Na ce masa zan iya, amma gaskiya ban san ta inda zan kama ba. Yadi nawa zan saya, kuma yaya ake awonsa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗana. Ka yi kyau da ka tambaya kafin ka sa almakashi, domin wannan tufa awo da lissafi ne suka fi ɗinki yawa a cikinta. Kuma ka ɗauke ta da daraja. Tufar gado ce ta mutanen tsaunukan Sikotland, har an taɓa kafa dokar hana su sa ta a 1746, ba a janye ba sai a 1782.

Fasalinta uku ne: shafe biyu a gaba, ɗaya bisa ɗaya kamar ɗaurin zane, sai baya da yake cike da ninki. Ta asali da ulu mai nauyi ake yin ta, mai zanen layuka da suke gittawa juna wanda suke kira tartan, kuma takan ci yadi 8 na mai ƙaramin faɗi. Kai kada ka fara da wannan. Ulu yana da tsada, ga zafin ƙasarmu. Ka je Kantin Kwari, ko ka aiki mai zuwa, a samo maka yadi mai gida-gida irin na kayan makaranta, mai ɗan kauri, mai faɗin inci 60. Yadi 3 ya ishe ka aikin farko. Za ka raba shi gida biyu ta tsawonsa, ka haɗa su ya zama dogon ƙyalle mai yadi 6. Bakin saƙar yadin shi ne ƙasan siket ɗin, saboda kilt ba a yi masa kalmasa a ƙasa. Ka lura da kyau a nan: kafin ka saya, ka duba cewa zanen iri ɗaya ne ko ta ina ka kalle shi, domin dole ka juya rabi ɗaya kafin bakin saƙarsa ya dawo ƙasa. In zanen mai tafiya gefe guda ne, rabin bayan zai saɓa da ɗan'uwansa.

Awo uku za ka ɗauka. Ƙugu a daidai cibiya, ba inda ake ɗaure wando ba. Sai inda mazaunai suka fi faɗi. Sai tsawo, daga cibiya zuwa ƙoƙon gwiwa, ka ƙara inci 2 a sama domin belin ya zauna ƙasa da baki. Su can a saman gwiwa ko tsakiyarta yake tsaya musu. Mu nan tunda akwai maganar tsiraici, ka sauko da shi ya rufe gwiwar, mai sawa kuma ya sa gajeren wando a ciki.

Mu ce ƙugu 35, mazaunai 40, tsawo 24. Rabin awon na gaba ne, rabi na baya. Ke nan ninkin baya zai rufe inci 20 a mazaunai, inci 17 da rabi a ƙugu. In ka yi ninki 20, kowanne zai nuna inci 1 a ƙasa, ya tsuke zuwa bakwai bisa takwas na inci a ƙugu. Wannan ɗan bambancin da ido ba ya gani shi ne yake sa tufar ta kwanta a bayan mutum.

To yanzu zanen. Ka auna daga wani layi mai fitowa fili, misali ja, zuwa inda irinsa ya sake dawowa. A ce inci 6 ne. Kowane ninki zai ci wannan inci 6 ɗin: 1 a waje, 5 a ɓoye, zurfinsa ya zama 2 da rabi. Ka sa jan layin ya faɗo a tsakiyar kowane ninki. Akwai wata hanyar da ake jera ninkin har zanen ya sake fitowa cif a baya kamar ba a ninke ba, amma wannan sai hannu ya faɗa. Ninki 20 sun ci inci 120, shafe biyu na gaba sun ci 40, ragowar ta tafi a babban ninki mai zurfi da ake yi a gefen kowane shafe da kuma kalmasar gefuna. Haɗin da ka yi na rabi biyu, ka tura shi can cikin ninki inda ba mai ganinsa.

Ba duka tsawon ninkin ake ɗinkewa ba. Daga sama zuwa layin mazaunai kawai, wajen inci 8, wato kashi ɗaya cikin uku. Sauran a bar shi ya yi lilo. Masu sana'ar a can da hannu suke yi, ninki ɗaya bayan ɗaya, suna daidaita layukan da suke kwance. Kai za ka iya hawa keke, amma ka fara kama kowane ninki da zare da allura, ɗinki mai faɗi wanda za ka warware daga baya. Fil kaɗai ba ya riƙewa, ƙafar keke za ta ja na sama ya zarce na ƙasa.

Da ka gama, ka juya ciki. Za ka ga yadi ya taru a baya kamar katifa. Ka yanke rarar da ke cikin wurin da ka ɗinke, ka bar kamar rabin inci, amma kada ka kai almakashi har layin mazaunai, ka tsaya inci ɗaya sama da shi. Ka bi wannan layin da ɗinkin hannu mai ƙarfi ta ciki don ya ɗauki nauyin ninkin, ka shimfiɗa ƙyalle mai tauri wanda ba ya miƙewa daga gefe zuwa gefe, sannan ka rufe da shafi. Abin da ya rage a tsakiyar yadin bayan ka cire tsawon siket ɗin, shi za ka yi bakin ƙugu da shi.

Ɗauri kuwa, ka kai wa baduku ya yanko maka fata uku masu faɗin inci ɗaya da 'yan kai, da kan bel uku. Shafen ciki daga dama yake tafiya hagu, fatarsa ta fita ta wata 'yar tsaga a ƙugun hagu. Na waje ya taho daga hagu ya ɗaure a dama da fata biyu, gefensa an zare zaren ya yi geza.

Tambaya: Ni uwa ce a yankin Gwaram, ina ɗinka wa 'ya'yana siket mai irin wannan ninkin. In na gama yana kyau, amma da an sa sai ninkin ya buɗe baki a baya, wani kuma ya murɗe gefe. Mene ne laifina?

Amsa: 'Yar'uwa, buɗewar nan kusan kullum daga awon mazaunai take. Kin ja tef ɗin ya matse, jiki kuma ya nemi wuri ya tura ninkin. Ki auna sako-sako, yatsa biyu suna shiga. In ɗinkin ya tsaya sama da inda jikin ya fi faɗi, nan ma zai buɗe. Murɗewa kuwa alama ce ninkin ya sauka daga kan zaren yadin. Ƙasa da layin mazaunai, bakin kowane ninki zare ɗaya zai bi har ƙasa. Tsukewar sama kaɗai ake yi, kuma a raba ta daidai dama da hagu.

Sai guga. Kada ki warware ɗinkin riƙon sai kin yi ta. Ki jiƙa farin ƙyalle ki matse, ki shimfiɗa a kai, ki ɗora dutsen guga ki danna ki ɗaga, ba ja ba. Ki aza katako mai santsi a wurin har ya huce, a lokacin ne ninkin yake kamawa. In na gawayi ne dutsen, ki kaɗe tokar, ki gwada zafinsa a kan guntun yadin, saboda mai roba-roba nan take yake ƙyalli ko ya narke. Auduga zalla ba ta riƙe ninki bayan wanki, don haka ki bi bakin kowanne da ɗinki siriri dab da gefe. Wajen shanya kuma a rataye shi ta ƙugu a inuwa, kada a murɗe shi.