Amsa ga mai tambaya kan fitilun cikin silin masu rage haske

Salamu alaikum ɗan uwa. Na ga tambayarka, ka ce kana so ka sa fitilun LED irin waɗanda ake nutsa su cikin silin a falo da ɗakin kwana, masu rage haske da ƙarawa, kana tambaya wane iri za ka saya kuma guda nawa. Toh ni na yi wannan aikin a gidana kuma sai da na sake wani ɓangarensa saboda kuskuren da aka yi tun farko, shi ya sa na ga bai kamata in wuce ban ce komai ba, ka yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne fitilar da makunnin rage hasken, wato dima, abu ɗaya ne, tare ake zaɓensu. Yawancin mutane fitila suke zaɓa mai kyau sannan su ce wa mai aikin wuta ya samo kowace dima ya ɗaura, daga nan matsala take farawa. Ni haka aka min. An sa min guda 6 a falo kowace wat 6, aka haɗa su da dima irin ta tsofaffin ƙwai masu zare a ciki, idan na kai hasken sama lafiya lau, amma da na fara ragewa sai su kama ƙiftawa kamar walƙiya, ga wata ƙara siririya zzzz tana fitowa daga makunnin, kuma kafin in kai rabi sai su mutu gaba ɗaya. Da na karanta takardar dimar sai na ga an rubuta mafi ƙarancin kayan da take ɗauka wat 40 ne, ni kuma duka fitiluna shida wat 36 suke ja, kaga ashe ba su ma kai abin da zai sa ta yi aiki daidai ba.

Dalilin shi ne dima ba wai tana rage ƙarfin wuta a hankali ba ne kamar yadda ake rage ruwan famfo, a'a, yanka take yi, tana datse wani yanki na igiyar wutar, wato hawa da saukar da wutar take yi a cikin waya ba wayar kanta ba, sau 100 ko 120 a daƙiƙa ɗaya gwargwadon ko wutar ƙasarku 50 ce ko 60 a ma'aunin haz. Tsohon ƙwai bai damu ba tunda zare ne kawai yake yin zafi, amma LED tana da ɗan akwatin lantarki da ake ce wa direba, shi ne yake karɓar wutar ya juya ta, idan ba a gina shi don karɓar yankakkiyar wuta ba sai ya rikice. Don haka dole ka ga kalmar dimmable a jikin kwalin fitilar, idan babu kar ka yarda da bakin mai sayarwa. Ita kuma dimar iri biyu ce da aka fi samu, mai yanka farkon igiyar za ka ga an rubuta leading edge, mai yanka ƙarshenta kuma trailing edge, ta biyun ce ta fi zama lafiya da LED, ba ƙara kuma hasken yana sauka sumul. Da na canza zuwa ita matsalata ta ƙare ba tare da na taɓa fitila ko ɗaya ba. Wasu dimomin suna da ɗan kusa ko maɓalli a bayan murfi da ake saita iyakar ƙasa, ka sauke hasken har inda ya fara ƙiftawa sai ka ɗan ɗaga shi ka bar shi a nan. Sannan ka duba iyakar wat na LED da dimar take iya ɗauka, wadda suka rubuta daban, yawanci ta fi ta tsohon ƙwai ƙanƙanta sosai saboda direbobin suna fizgar wuta da yawa a daidai lokacin da aka kunna su. Kuma don Allah kar a haɗa fanka a dimar fitila ko a ɗauko regileta ta fanka a ce za ta rage haske, ba aikinsu ɗaya ba.

Maganar haske kuma, ka daina kallon wat ka kalli lumen, wato ma'aunin yawan hasken da fitila take bayarwa. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da kusan lumen 800, LED kuma da wat 8 zuwa 10 take ba da hakan. Sai launi, shi ma a jikin kwali yake da harafin K. 2700 ko 3000 shi ne mai ɗan ja-ja mai kwantar da ido, 4000 fari ne tsaka-tsaki, 6500 kuma fari fat mai ɗan shuɗi. Ni a ra'ayina ɗakin kwana da falo 3000 ya fi, domin idan ka rage hasken 6500 ɗakin sai ya yi wani irin toka-toka mara daɗi, ai dalilin sa dima shi ne mutum ya samu natsuwa da dare. Kicin 4000 ya yi. Akwai ma wasu da idan kana rage su launin yana ƙara ja kamar fitilar zamanin da, suna da daɗi sosai a ɗakin kwana in ka samu. In ka ga CRI 90 ko sama ka ɗauka, shi ne yake sa kalar kaya da fuskar mutum su fito yadda suke. Kar ka cakuɗa launi biyu a ɗaki ɗaya, ido yana ganewa nan take.

Guda nawa kuma ya danganta da ɗakin, amma ƙa'idar da masu aikin suke bi ita ce ka raba tsayin silin biyu, abin da ya fito shi ne tazarar tsakanin fitila da fitila, in silin ɗinka mita 2.4 ne kenan kusan mita 1.2, sannan ka ja su daga bango kamar santimita 60 zuwa 90. Wannan ba doka ba ce, in fitilun masu faɗin haske ne za ka iya ƙara tazarar. Gaskiya na fi son mutum ya fara tunanin inda ake zama da inda ake aiki kafin ya jera ramuka kamar layin sojoji. Misali a kicin idan fitila tana bayanka inuwarka ce za ta rufe abin da kake yankawa, gara ta zama saitin bakin teburin aikin. A ɗakin kwana kar ka sa ta daidai saman matashi, duk wanda ya kwanta rigingine za ta huda masa ido. Sai fanka, wannan shi ne kuskurena na biyu, akwai guda ɗaya da aka sa kusa da fankar silin, duk lokacin da fukafukan suka gifta ƙarƙashin hasken sai ɗakin ya riƙa ƙyalli yana ɗaukewa har kai ya yi ciwo, sai da aka toshe ramin aka huda wani nesa da inda fukafukan suke kaiwa.

Wajen sawa, a kashe wuta daga breka ba daga makunni kawai ba, kuma a taɓa wayar da testa a tabbatar, in ba aikinka ba ne ka kira wanda ya iya, wuta ba ta san sabo ba. Kafin a huda a leƙa saman silin a ga inda katako ko ƙarfen da ya riƙe shi yake da inda bututu ko wayoyi suka bi, domin ramin da aka huda ba ya komawa yadda yake ko an toshe. Girman ramin yana rubuce a kwali, shi za a bi ba faɗin fuskar fitilar ba. In sararin saman ba shi da zurfi akwai sirara masu kama da faifai da direbansu a akwati daban, maƙalai biyu masu sifirin ne suke riƙe su, ka kiyaye yatsunka lokacin turawa don suna da ƙarfi. Idan akwai audugar hana zafi shimfiɗe a saman silin ka nemi mai alamar IC, ita ce aka yarda ta taɓa audugar, sauran suna buƙatar sarari kewaye da su. Zafi ne babban abin da yake kashe waɗannan fitilun, yawanci ba ƙwayar hasken ce take mutuwa ba direban ne, don haka kar a danne shi cikin tarkace inda iska ba ta kaiwa. Haɗin waya kuma a yi shi cikin akwatin haɗi da maƙalai, ba murɗawa a naɗe da salatif a jefa saman silin ba. Banɗaki ka duba lambar IP, wadda take nuna yadda fitila take jure ruwa da ƙura, ka sa mai IP44 aƙalla, saman shawa IP65. In dima mai aiki da wayar hannu kake so, da yawansu suna buƙatar wayar nutural, wato wadda wuta take komawa ta cikinta, a cikin ramin makunnin, a buɗe a duba ko akwai kafin ka saya.

Da zan sake daga farko, fitila biyu da dima ɗaya zan fara saya, a haɗa su a ƙasa a kan tebur, in sauke hasken har ƙarshe in saurara ko akwai ƙara, in ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya da wayata tunda kamara tana kama ƙiftawar da ido ba ya gani, in sun yi min sai in sayo sauran iri ɗaya lokaci ɗaya har da rarar guda biyu na ajiya, domin bayan shekara biyu ko uku da wuya ka sake samun mai launi da girman rami daidai da naka. In ka turo tsayi da faɗin falon da tsayin silin ɗin da inda fanka take, zan iya taya ka lissafin inda ramukan za su zauna. Allah ya sa a gama lafiya.