Kainuwa, Bado da Kacala: Amsar Tambayoyinku

Wani ɗalibi daga Gashuwa: Malam, mene ne ma'anar "kainuwa dashen Allah"? Na gani a fostar wani ɗan takara.

Da farko dai kirari ne. Mutane kan jefa shi cikin karin magana, har wasu malaman makaranta ma, amma mu bar wannan zuwa wani makon.

Ka je bakin kududdufi da damina ka ɗago kainuwa guda ɗaya. Ganyenta a buɗe kamar na latas, da gashi-gashi mai laushi, in ka watsa masa ruwa sai ya gangare bai jiƙa ba. Juya ta ka dubi ƙasanta: saiwa ce ke reto kamar gemun bunsuru, ba ta kama ƙasa ba ko kaɗan. To, shi dashe aikin hannu ne. Mai lambu ya yi irin albasa ko tumatir, ya cire, ya kai fangali ya dasa, ya bi da ban ruwa. Kainuwa ba mai yi mata ko ɗaya. Kududdufi ya ƙafe da rani har ƙasa ta tsattsage, ruwa na dawowa sai ga ta, uwa ta miƙa jijiya ta haifi 'ya a gefe, 'yar ma ta haifi tata, kafin wani lokaci ta rufe fuskar ruwan. Shi ya sa ake yi wa mutumin da ya tashi ba gata wannan kirari: maraya da ya zama attajiri, ko almajirin da ya zama babban malami ba ɗan kowa ba.

Yanzu dubi fostar da ka ce. Na yi imani in ka ɗaga kai sama kaɗan za ka ga hoton ubangidansa, wanda ya tsayar da shi, ya biya kuɗin fom, ya ɗaga hannunsa a filin taro. Wannan ai dashe ne na hannu, har da taki. A kira shi albasar lambu mana, ba zagi ba ne. Haka muka yi wa "gagara-badau" har ya zama na duk wanda ya ci kansila.

Tun da an taɓo ta, bari in ƙara ɗaya. 'Yan jarida sun ɗauki sunan kainuwa sun liƙa wa wata ciyawar daban, mai kumburarren wuya da fure shunayya, wadda ke toshe hanyar jiragen ruwa. Waccan baƙuwa ce daga Kudancin Amurka, a 1984 aka fara ganin ta a ruwan Badagry ta jihar Legas. Kakanninmu ba ita suka yi wa kirari ba.

Wata malama daga Damagaram: An ce kainuwa magani ce. Sha ake yi?

Masu maganin gargajiya sun fi amfani da ita a shafa, ganyen ko tokarsa, don ciwon fata. Shan ta ɗanya kuwa, Hajiya, a kiyaye. Dangin gwaza ce, kin san yadda ɗanyen gwaza ke yi wa maƙogwaro. Kuma tana zuƙe dattin ruwan da take kai, ga shi kududdufan cikin gari yanzu duk ruwan kwata ne.

Wani daga Zangon Kumasi: Bado da kainuwa ba abu ɗaya ba ne?

A'a. Na yi maka uzuri saboda nisa. Bado saiwarsa na cikin laka, doguwar jijiya ce ke kawo faffaɗan ganyen saman ruwa, ga farin fure mai buɗewa da dare. Abinci ne ma: ana cin 'ya'yansa da saiwarsa, kuma ya rufa wa mutanen fadama asiri a shekarun yunwa. A magani an san shi wajen ciwon gaɓɓai da kurkunu, cutar nan ta doguwar tsutsa mai fitowa ta fata. Abin da ke ba ni mamaki kullum shi ne, ruwan tafkin da mutum ya sha ya ɗauki kurkunu, cikinsa yake komawa ya tsinko bado. Yaran yanzu ko kalmar kurkunu ba su sani ba, tun da a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da cutar daga Nijeriya. Kwanaki na tambayi wani aji, wani yaro ya ce sunan tsuntsu ne.

Wani manomi daga Hadeja: Ciyawar nan da ta cinye mana fadama, "kachala" ake rubutawa ko "kacala"?

Kacala. Babu "ch" a ƙa'idar rubutun Hausa, c kaɗai ta isa, kamar a ciyawa da cokali. Allah ya yaye muku ita, da tsuntsayen jan-baki da ke kwana cikinta.