Kada ka shafe tsakar gidan da siminti tukuna

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka a sabon gida. Ka ce ka gama gini a unguwar Karkada a Damagaram (Zinder), kana son tsakar gida mai inuwa da kore, amma pampo sai ya kwana uku bai kawo ba, magini kuma ya ce ka shafe filin duka da siminti, ka bar ɗan wuri na ciyawar ado. Don Allah dakata da simintin nan.

Ni na yi haka a gidana, na kuma yi nadama. Ruwan sama na farko da ya sauka, ina tsaye a bakin ɗaki ina kallon ruwan indararo yana bin siminti, ya fice ta kwata, ya je ya cika lungu. Bayan kwana biyu ina kiran ɗan ga-ruwa in sayi bido don in ba shuka. A bazara kuwa simintin ya riƙe zafi har bayan isha'i, yara ba sa iya kwanciya a waje. Sai da na sa aka fasa rabinsa.

Ka san garinmu a kan dutse yake zaune, shi ya sa ake jawo mana ruwa daga nesa, daga rijiyoyin Gogo Macaya da Arunguza da Ganaram. Ƙarancin ruwa ma yana cikin dalilan da suka sa Turawa suka mayar da babban birnin Nijar daga nan zuwa Yamai a 1926. To ruwan da ya sha wannan tafiya bai kamata ya ƙare a kan ciyawar ado ba, wadda sai an shayar da ita safe da yamma.

Yi lissafin rufinka. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. In kwanonka ya kai murabba'in mita 100, aka samu damina ta milimita 400, lita 40,000 ke nan, bido 1,600 mai lita 25. Ba za ka iya tara shi duka ba, amma ƙasa za ta iya riƙe maka mai yawa. Ka sa tano, wato duro, biyu ko uku ƙarƙashin indararo, ka bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye ya wuce, ka kuma rufe bakinsu sosai saboda sauro. Abin da ya malalo ka yi masa hanya zuwa gindin itatuwa. Ni rami mai siffar rabin wata na haƙa, irin wanda manoma ke yi a fako, bakinsa yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa, na zuba taki a ciki. Ka nisanta ramin da bango kamar taku huɗu, musamman in katangar ta ƙasa ce. Wurin tafiya kuma tsakuwa ta isa.

Abin da ya fi yi mini amfani tulu ne. Na sayo na garin Mirya da ke kusa da mu, na binne shi har wuya kusa da dashe, na rufe bakinsa da tsohon faranti. Ruwa yana tsatsafowa a hankali kai tsaye zuwa saiwa, rana ba ta shanye shi. Ranar da na tone ɗaya, na tarar ƙananan saiwoyi sun lulluɓe shi kamar raga. A nan muke juye ruwan alwala da na wankin shinkafa. Ruwan da ke da omo ko jabel, wato bilic, kada ya shiga.

Shuka kuma ka zaɓi 'yan gida: zogale, lalle a jikin katanga, magarya, kurna ko aduwa in akwai fili. Bedi, wato dogon yaro, yana da inuwa mai kyau, sai dai saiwarsa tana fasa daɓe, a ƙofar gida ya fi dacewa. Mangwaro da ayaba ka haƙura da su sai in kana da rijiya. Ka yi dashe a watan Yuli, lokacin da damina ta zauna, ka shimfiɗa ƙaiƙayi ko karan hatsi a gindi. Gara za ta zo, amma ramukanta suna taimaka wa ruwa ya nutse. Kawai kada karan ya taɓa jikin dashen ko bango.

In kana da awaki, ka kewaye kowane dashe tun ranar farko. Zogalena guda shida akuya ɗaya ta cinye su cikin yini guda.