Hukuncin Banish Ɗin Feshi a Jikin Kafinta Mai Sallah

Tambaya: Malam, ni kafinta ne, ina fesa banish a kan gadaje da ƙofofin da na yi wa fenti, ina sirka shi da tina. Wani ya ce akwai giya a ciki, don haka najasa ce, sallata ba ta yi. Mene ne gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'arka albarka. Abin da zai iya ɓata maka sallah yana kan hannunka ne, ba rigarka ba. Banish idan ya bushe yana yin ɓawo a fata da farce, ruwa ba ya ratsa shi. Ka kankare shi kafin alwala. Idan launi kawai ya rage, ba komai.

Maganar najasa kuwa ban yarda da ita ba. Tina haɗi ne na sinadarai masu guba irin su asiton, ba abin sha ba ne. Ko da akwai sifirit a ciki, ita kanta giyar an yi saɓani. Jumhur, wato mafi yawan malamai, sun ce najasa ce, amma Rabi'atu, malamin Imamu Malik, da Laisu ɗan Sa'ad da Muzani sun ce tsarkakakkiya ce duk da haramcinta. Ranar da aka haramta ta, sahabbai sun kwarara ta a hanyoyin Madina, ba a kuma umarci kowa ya wanke ƙafarsa ba. Kalmar "rijsun" (ƙazanta) da masu cewa giya najasa ce suke kafa hujja da ita a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haɗa da caca da gumaka, wa ya taɓa cewa wanda ya taɓa gunki ya wanke hannu? Ka yi sallarka da rigar aiki.

Sai abin da ba ka tambaya ba. Na san yadda ake gaggawar kayan ɗakin amarya. Idan ka fesa banish a kan fentin mai da bai gama bushewa ba, tina zai tayar da shi ya yamutse. Idan ka fesa da damina, laima ta sa ya yi fari-fari kamar hazo. Wani banish ɗin kuma yana mayar da farin fenti rawaya daga baya, ka faɗa wa mai kaya tun farko, ɓoyewa algus ne. A wajen Malikiyya mai sana'a yana lamunin abin da ya lalace a hannunsa, don haka gyaran a kanka yake: ka bi shi da sanfefa ka sake.

Ka sa takunkumi, ka yi feshi a fili nesa da wuta, kuma ka kula da yaran shagonka kada su koyi shaƙar tina, wannan kam haramun ne.

Wallahu a'alam.