Wane ne Hunainu ɗan Ishaƙ da masu tallan magani ke ambata?

Tambaya: Malam, mahaifina yana da ciwon suga. Wani mai tallan magani a tasha ya sayar masa da gari, ya ce daga littafin "Shehu Hunainu" ya samo, wai waliyyi ne. Tun ranar ya daina shan maganin asibiti. Hankalina ya tashi. Wane ne wannan mutumin?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Hunainu ɗan Ishaƙ Kirista ne ɗan garin Hira a Iraƙi, an haife shi wajen 809, ya rasu a 873. Ya fara karatun likitanci a Bagadaza wurin Yuhanna ɗan Masawaihi, wanda aka ce ya kore shi saboda yawan tambaya. Ya ɓace 'yan shekaru, ya dawo ya ƙware a Girkanci, har ya zama likitan Halifa Mutawakkil. Shi da ɗansa Ishaƙ da ɗan 'yar'uwarsa Hubaishu suka juya littattafan Jalinus, wani shahararren likitan Girkawa na dā, zuwa Suriyanci (harshen Kiristocin yankin) da Larabci. A wata wasiƙarsa ya lissafa 129 daga cikinsu. Neman guda ɗaya ya kai shi Siriya da Falasɗinu da Masar, a Dimashƙa ya samu kusan rabinsa. Yakan tara kwafi da dama ya gwada su kafin ya fara fassara.

Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda mutanenmu ke ɗaukar duk abin da aka rubuta da Larabci a matsayin addini. Abin da Hunainu ya fassara ilimin Girkawa ne, na mutumin da ya rasu ɗaruruwan shekaru kafin Musulunci. Jalinus ya ɗauka hanta ce ke ƙera jini daga abinci, cuta kuma rikicewar zafi da sanyi da danshi da bushewa ce. Zagayawar jini sai 1628 wani likitan Ingila, William Harvey, ya bayyana ta. Insulin kuwa, wanda ake yi wa masu suga allurarsa, sai 1921 aka gano shi. To, a wane shafi mai amsa-kuwwa ya ga maganin suga? Ka ce ya nuna maka littafin, ka ga yadda zai hau kame-kame. Mutumin da ya taka har Masar don neman littafi ɗaya, yau da sunansa ake ƙulla gari a leda ba ko takarda.

Kullum irin su Baba ake kawowa asibiti ƙafa ta ruɓe, ido ya dushe. Ku ji tsoron Allah, masu wannan sana'a. Kai kuma ka lallaɓa Baba, ka kai shi a auna sugansa yau, ka tafi da ledar garin likita ya gani.